Kwana Arba'in da Ɗaya a Ƙasar da Bai Taka Ba

Na-Sama ake ce masa a wurin aiki, domin shi ke tuƙa dogon injin ɗaga kaya a benen da ake ginawa a bakin kogi. Da safe zai hau tsani mai matakala ɗari biyu da 'yan kai, ya shige ɗan akurkinsa na gilashi, abincinsa ma can yake ci. Mutum ne mai haƙuri da siminti da rodi, amma ba ya shiri da takarda. Saƙonnin kamfani da ke wayarsa waɗanda bai taɓa buɗewa ba sun haura dubu.

Shi ya sa da kamfanin waya suka turo masa lissafin da ya ninka albashinsa biyu, ya je ofishinsu ya yi faɗa, wani matashi mai laktaye a wuya ya ce kuskure ne za a gyara. Na-Sama ya sayi wani layi, ya jefa tsohon cikin aljihun tebur, ya ɗauka an wuce wurin. Matarsa ma bai gaya mata ba.

Bayan wata biyar wasiƙa ta iso gida yana can sama. Ba daga kamfanin waya ba, daga wani kamfanin karɓar bashi da aka miƙa wa maganar. Matarsa ce ta buɗe. Kuɗin ya ba ta tsoro, amma shafi na biyu ne ya tsinka mata zuciya: jerin ranaku arba'in da ɗaya da aka yi amfani da wayar mijinta a ƙasar da ke tsallaken kogi.

Da ya dawo ya tarar da takardar a shimfiɗe kan tebur, an danne ta da kofin shayi.

"Baban 'yan biyu, ranakun nan duk ka ce min aiki ka tafi."

"Aiki na tafi mana."

"A tsallake kake aikin?"

Ya rantse, ya sake rantsewa. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Yayanta yana gidan yari shekara uku ke nan saboda fasa-ƙwauri ta wannan kogin, shi ma haka ya riƙa fita da safe da kwanon abincinsa yana cewa aiki. Tun lokacin ta gaya wa mijinta cewa duk ranar da ya shiga wannan harka za ta kwashi yaranta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ran nan ta ɗauki filonta ta koma ɗakin yara.

Washegari a hutun rana ya kira lambar da ke kan wasiƙar, ya shirya zagi cike da baki. Sai wata mace mai sanyin murya ta ɗauka, ta bar shi ya zazzage tas.

"Malam, ka gama? To, kana musun bashin ne, ko ba ka da halin biya? Ba ɗaya ba ne."

"Musu nake, Malama! Ni ko fasfo ba ni da shi."

"Ina kake aiki?"

Ya faɗa mata.

"Bakin kogi? A ƙasa ko a sama?"

"Babu wanda ya fi ni sama a garin nan sai tsuntsu."

Ya ji ta yi 'yar dariya. Ta ce ya duba saƙonnin tsohon layin. Idan waya ta yi sama sosai kusa da iyaka, takan saki turken sadarwar kamfaninta ta kama na ƙasar maƙwabta, a lissafa mutum a matafiyi yana zaune. Ta ce ya rubuta musu cewa bai yarda da bashin ba, ya haɗa da shaidar wurin aikinsa, su kuma za su dakatar da nema har kamfanin waya ya ba da amsa.

Ya mayar da tsohon layin. Ga su nan reras, saƙon "Barka da zuwa" daga kamfanin tsallake, kusan kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe. Shi kuwa daidai lokacin yake kunna rediyo ta intanet ya jingina wayar da gilashi, ta yi ta magana har yamma. Shugaban aiki ya buga masa kwafin rajistar hawa da sauka, ya sa hatimi yana tsokanarsa wai ya kamata ya kawo tsarabar tsallake.

Ya haɗa da wasiƙarsa ya aika. Mako uku ya yi yana cin abinci shi kaɗai. Sannan amsa ta zo: an soke bashin, an rufe fayil. Ya shigo gida da takardar kamar wanda ya ci jarrabawa.

Matarsa ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta miƙa masa.

"Alhamdu lillahi. Amma kuɗi suka yafe. Ban ga inda suka ce ba ka je ba."

"Ga hatimin shugaban aiki!"

"Abokinka ne."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, sai dai bai ga laifinta ba. Wanda ya ɓoye mata lissafi wata biyar ba shi da bakin cewa a yarda da shi kyauta. Sai ya ce, "Gobe ki raka ni. Ki taho da wayarki."

Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Bayan sun ajiye yara a makaranta, mai gadi ya ba ta kujera a bakin ƙofa, inda ake hango injin tun daga gindi har kai. Na-Sama ya karɓi wayarta, ya nuna mata babu sabon saƙo, ya sa a aljihu ya ja zif.

"Kada ki ɗauke ido daga kaina."

Ya sa hular kwano ya fara hawa. Bai taɓa jin tsanin ya yi masa tsawo irin na ranar ba, domin tsoro ya kama shi a rabin hanya: in wayar ta ƙi fa? Ya isa, ya zauna, ya ciro wayar ya zuba wa allonta ido. Minti biyar babu komai. Ga tsallake can yana gani, da jiragen ruwansu da mata masu shanya. Minti takwas. Sai wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa, ya ji wata ajiyar zuciya ta kuɓuce masa. Bai buɗe saƙon ba, ya bar mata ta buɗe da hannunta.

Ya sauko yana haki, ya miƙa mata. Ta karanta, kamfanin tsallake na yi mata barka da zuwa, tare da farashin kira. Ya gyara tsayuwa yana jiran a ba shi haƙuri, har ya tanadi 'yar tsokanar da zai yi.

Ita kuwa ta ajiye wayar a cinyarta. Ta ɗaga kai tana kallon akurkin, wanda daga nan ƙasa bai fi kwalin ashana ba, iska na ɗan kaɗa hannun injin. Sai ya lura idanunta sun yi ja.

"Can kake hawa kullum?"

"Kullum."

"Har da ranar da ake iska?"

"In ta yi yawa akan tsayar da mu."

Ta kama hannun rigarsa, a gaban mai gadi da leburori, ta riƙe gam.

"Ni ina ta tsoron kogi, ashe abin tsoron yana sama," in ji ta. "Zauna ka huta tukuna. Su jira."

Ya zauna a kan bulo kusa da kujerarta, tana riƙe da rigar.