Jan Tsumma a Sitiyari

Kamfanin jigilar yashi da tsakuwa ya sallami babban makanikinsa na birki, mutumin da kowa a garejin ke kira Mai Birki, bayan wata tifa da ya yi wa aiki ta gangaro ba kowa a cikinta ta matse wani lebura a jikin katanga. Leburan ya rasa ƙafar dama daga gwiwa. Direban tifar, wanda ake yi wa laƙabi da Jirgi, ya koma bakin aikinsa. Jirgi mijin ƙanwar Mai Birki ne.

Abin ya faru wata ranar Alhamis da hantsi, a wani wurin gini da ke bayan gari, inda hanyar shiga take da ɗan gangara. Jirgi ya tsayar da motar da lodin tsakuwa, ya ja birkin hannu, ya ji iska ta huce kamar kullum, ya sauka neman wanda zai nuna masa inda zai juye. Waɗanda suka gani sun ce da farko kamar ba motsi take ba. Leburan yana tsugune yana wanke shebur, ya ba ta baya.

Birkin babbar mota iri biyu ne a gida ɗaya. A jikin kowace ƙafar baya akwai wata tukunyar ƙarfe. Idan direba ya taka birki, iska ce ke shiga tukunyar ta tura sanda, sandar ta buɗe takalman birki su kama diram, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya, daga ciki. A can ƙarshen tukunyar kuma akwai wani ƙaton sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa, shi ne birkin hannu. Iska ke danne shi yayin tafiya. Da an ja hannu iskar ta fita, sai ya miƙe ya riƙe motar da ƙarfinsa. Makaniki ba ya iya zare diram sifirin yana kame da shi, don haka yakan zura dogon noti ta bayan tukunyar ya ɗaure sifirin ɗin. Motar da aka bari a haka tana cin birkin ƙafa lafiya lau. Birkin hannu ne ba ta da shi, kuma ba abin da zai gaya wa direba, domin iskar tana fita da ƙarar da ya saba ji.

Saboda haka ne Mai Birki ya fito da dabarar tsumma tun yana da ƙuruciya. Duk motar da ya ɗaure wa sifirin, sai ya ƙulla jan tsumma a sitiyarinta, ba ya kwancewa sai ya zare noti na ƙarshe. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba direban kamfanin da bai san ma'anarsa ba.

Sai dai a 'yan shekarun nan an samu lokutan da ya gama aiki sarai, ya kwashe kayansa, ya bar tsumman a ƙulle. Direba ya zauna yana jira har rana ta yi, a ƙarshe a gano ba abin da ya rage. Abin ya zama abin tsokana a garejin.

"Yaya, yau tsumman na gaske ne ko na tsufa?" Jirgi ne ya fi kowa yi masa wannan tambayar.

"Hau ka gwada, in ka dawo da haƙoranka ka ba ni labari."

A safiyar Alhamis ɗin, Mai Birki ya sa wa tifar Jirgi sababbin takalma a ƙafafun baya, ya mayar da diram, mai facin garejin ya taya shi mayar da tayoyi. Saura ya kwance notunan ya daidaita birkin. Yana kwance a ƙarƙashin motar manaja ya leƙo ya ce wata motarsu ta kame a tsakiyar titi, ta tare hanya, jami'an hanya suna ta waya.

"Ranka ya daɗe, bari in ƙarasa wannan, kaɗan ya rage."

"Waccan tana tare da rabin gari, wannan tana tare da kai kaɗai. Tashi."

Ya tashi. Ya hau gaban tifar ya ƙara jan ƙullin tsumman, ya kwashi sifanoninsa duka domin bai san abin da zai tarar a can ba, ya tafi.

Jirgi ya iso bayan tafiyarsa. Ya tarar da tayoyi a ɗaure, ƙasan mota ba ko sifana ɗaya, masu gini kuma suna kiransa tun asuba. Ya tayar da injin, iska ta cika, ya taka birki ya ji ya kama gam. Manaja ya tambaye shi daga bakin ofis ko motar ta tashi, ya ce Yaya ya gama. Garejin a shimfiɗe yake ba gangara, haka ma wurin lodi, inda bai ko sauka daga mota ba. Gangaren wurin ginin ne wuri na farko da ya nemi birkin hannu.

'Yan sanda sun kawo nasu makanikin. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito cikin ɗan lokaci, ya ce notunan duk suna nan a ɗaure. Mai Birki bai yi musu ba, ya ce hannunsa ne ya ɗaure su. Da aka tambayi Jirgi, ya ce bai ga wata alama a motar ba. An duba gaban tifar, ba tsumma.

Washegari mai faci ya ja Mai Birki bayan tarin tsofaffin tayoyi.

"Maigida, na gan shi. Ya kwance, ya goge madubi da shi, ya cusa a aljihu. Har cewa ya yi, tsoho ya sake mantawa."

"Za ka faɗa a gaban kwamiti?"

"Ni? Ni taya nake kallo. Kai dai na gaya maka don kada ka zaci hankalinka ne ya gushe."

Kamfanin ya kafa kwamitin mutum uku, ya sa ranar zama. Abin da kowa ya fahimta a garejin shi ne, idan aka tabbatar da tsumman, Jirgi ya fita da motar da ya san ana kan aikinta: lasinsa ya tafi, kuma da wuya ya tsira daga gidan yari. Idan ba a tabbatar ba, makaniki ne ya bar mota ba birki ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ana gobe zaman, da la'asar, ƙanwar Mai Birki ta zo gidansa goye da autarta. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, inda ya jera tsofaffin diram ya cika su da ƙasa matarsa ta shuka ganye a ciki. Ƙanwar ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ta gaida matar gidan, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta yaba ganyen. Matar ta koma bakin murhu.

"Yaya, baban su Auta ba ya barci."

"Ni ma ba na yi. Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

"To wa ya kawo ki? Na ji ƙarar babur ɗinsa a bakin layi."

Ta sunkuyar da kai ta gyara goyo. Can ta ce, "Kai ka rene ni. Kai ka ba shi ni, ka ce mutumin kirki ne. Kai kuma ka kai shi kamfanin nan. In aka ɗaure shi, ni da yara shida ina za mu? Nan za mu dawo, ka sani."

"Dama nan kuke," in ji matar Mai Birki daga bakin murhu. "Yaushe kuka taɓa tashi daga wuyansa?"

"Yaya, ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Kowa ya san kana mantuwa. Ka ce ba ka tuna ba, shi ke nan. Kai babba ne, sun san ka, faɗa kawai za su yi maka. Shi kuwa direba, kamar tsumman nan yake a wurinsu."

"Kin san da tsumman ke nan."

Ta sake gyara goyon.

"Yana ina?"

"A aljihun wandonsa na gan shi da zan yi wanki," ta ce. "Ban san mene ne ba lokacin. Na goge murhu da shi."

Matar Mai Birki ta yi wata 'yar dariya ta shige ɗaki. Mai Birki ya miƙa hannu ya karɓi autar, ya ɗora ta a gwiwa, yarinyar ta kama babban yatsansa, wanda farcensa ya mutu tun shekarun baya da diram ya faɗo masa. Ya ce wa ƙanwar ta je ta kira mijinta ya shigo.

Jirgi ya shigo ya durƙusa nesa, hularsa a hannu.

"Yaya, wallahi na taka, ta ci. Ta ci kamar sabuwa."

"Sabuwa ce ai. Ni na sa."

"Na ɗauka irin na rannan ne. Sau nawa muke zama jiran banza?"

"Da ka leƙa ƙasa, da ka ga notunan. Tsayinsu ya kai tafin hannu. Ko ka kira ni. Wayar da kake kira ka ce in ranta maka kuɗi, ita ce dai."

"Manaja yana tsaye a kaina."

"A kaina ma ya tsaya. Ka je ka ga mutumin?"

"Wane mutum?"

Mai Birki ya dube shi, ya mayar wa ƙanwarsa 'yarta, ya ce su tafi kafin duhu.

An yi zaman a ɗakin taro na kamfanin, mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Manaja yana cikin kwamitin. Tun farko ya bayyana cewa kamfani bai san da wata dokar tsumma ba, kuma shi bai taɓa umartar kowa ya bar aiki a rabi ba; cewa ya yi a je a duba wata mota. Shugaban kwamitin, wanda aka turo daga babban ofis, ya ce duk da haka yana so ya ji. Ya tambayi Mai Birki kai tsaye ko ya sa alamar a ranar.

Jirgi yana zaune a ƙarshen tebur yana kallon fankar.

"Ban tuna ba, ranka ya daɗe."

"Ba ka tuna ka sa ba, ko ba ka tuna ba ka sa ba?"

"Ban tuna ba."

Wani daga cikinsu ya ce dama an sha kawo ƙorafin mantuwarsa. Aka kira direbobi biyu, suka tabbatar, ɗaya har ya ba da labarin ranar da ya yini yana jiran motar da aka gama tun safe. An ɗan yi dariya. Ba a yi masa faɗan da ƙanwarsa ta zata ba. An gode masa bisa shekarun da ya yi, aka ce ya miƙa makullin akwatin kayan aiki ga mai gadi.

Da yammar ranar ya je asibiti. Leburan yana kwance a gado na ƙarshe kusa da taga, an ɗora wani kwando a kan abin da ya rage na ƙafar don kada mayafi ya taɓa. Matarsa tana yi masa fifita da kwali. Mai Birki ya yi sallama, ya yi masa sannu, ya faɗi ko shi wane ne.

"Kai ne mai mantuwar?" in ji matar.

"Ni ne."

"Direban ya zo ɗazu da 'yan uwansa. Har kuka ya yi, bawan Allah. Ya ce shi ma cutarsa aka yi, an ba shi mota ba birki." Ta ci gaba da fifita. "Baba, in ka san ƙwaƙwalwarka ta gaji, me ya hana ka zauna a gida ka yi wasa da jikoki?"

Leburan bai juyo daga kallon taga ba. Mai Birki ya ajiye ledar lemon da ya kawo a ƙasan gado ya fita.

Labarin ya riga shi zuwa sauran garejojin. Mai Birki ya zagaya wurin mutanen da shi ya koya musu yadda ake auna kaurin takalmi da yadda ake gane diram mai tsaga daga ƙararsa. Sun tashi sun ba shi kujera, sun kira shi Maigida, sun ce a halin yanzu ba aiki amma za su neme shi. Ɗaya ya ce zai iya zuwa ya riƙa wanke ƙarafa da kananzir, in ba zai ji nauyi ba, amma ban da taɓa birki, saboda masu motoci suna tambaya.

A garejin kamfanin an ɗauki sabon makaniki, an kuma hana ƙulla komai a sitiyari. An gyara gaban tifar an yi mata fenti. Jirgi ne ke jan ta, kuma hanyarsa ta zuwa wurin lodi ta bakin layin Mai Birki take bi. A makon farko yana yin ham idan ya zo wucewa. Daga baya ya daina.

Ƙanwar ta aiko babban ɗanta da buhun shinkafa ƙarami. Matar Mai Birki ta sa yaron ya mayar da shi a ka.

Sallamar kamfani ba ta rufe maganar ba. 'Yan sanda sun miƙa binciken ga masu gabatar da ƙara, su kuma sun tuhumi Mai Birki shi kaɗai da sakacin da ya jawo mummunan rauni. Lauyan da ya samu ya gaya masa cewa maganarsa ta gaban kwamiti tana cikin abin da za a karanta a kotu, kuma idan ya sauya ta yanzu, za a tambaye shi wacce ce ƙaryar. Ya ce abu ɗaya ne zai taimaka: wani ya tashi ya ce ya ga tsumman. Mai faci ya bar garejin, an ce ya koma wajen danginsa, wayarsa ba ta shiga.

Masu gabatar da ƙara sun sa Jirgi a matsayin shaidarsu na farko. Kotu ba ta sa ranar zama ba tukuna. Ƙanwar ta ce ta tambayi mijinta abin da zai faɗa idan aka rantsar da shi, ya ce mata ta bari ranar ta zo.