Shafi na Talatin da Biyu

Octave Delhaye ya mallaki littattafan zane dubu huɗu da 'yan kai, kuma rabonsa da karanta ko ɗaya a cikinsu shekara talatin ke nan. Karatu yana ɓata littafi. Yatsa na da maiƙo, numfashi na da danshi, kuma duk wanda ya wage littafi ya karya masa gadon baya. Shi kuwa Octave tsohon mai kantin magani ne a Brussels, ya saba da a zuba abu a kwalba, a toshe, a manna masa suna.

Sarkin tarin nasa shi ne fitowa ta ƙarshe ta wata mujallar yara ta 1958, labarin Anselme, mai tuƙa kwalekwalen gawayi da ambaliya ta kwashe har teku. Kamfanin mujallar ya durƙushe a shekarar, ba a sake bugawa ba. A bangon baya an sa wani ɗan tikiti: yanke, aiko, a turo maka kamfas mai nuna arewa kyauta. Yaran ƙasar kaf suka ɗauki almakashi. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa a bayan tikitin nan aka buga hoton ƙarshe na labarin. Saboda haka kowane kwafi yana da taga a shafi na talatin da biyu, in ban da guda uku a duniya. Biyu suna kulle a banki. Na ukun yana hannun Octave, cikin akwatin roba da masu tantancewa suka liƙe, da makinsa a goshi: tara da ɗigo shida cikin goma. A liƙe ya saye shi. Wanda ya fasa akwatin ya zubar da makin, kuma maki shi ne kuɗin.

Ran Lahadi za a yi gwanjonsa. Gwiwoyin Octave sun gaji da hawa bene, ya hango wani ɗan gida a bakin teku, shi ya sa ya miƙa littafin ga Madam Lenaerts mai gidan gwanjo, wadda ta sa hotonsa a bangon kundin kayanta.

Ran Alhamis, kamar kullum, ya je gidan tsofaffi wurin wansa Firmin, da ƙunshin soyayyen dankali a ƙarƙashin kwat, don likita ya hana. Likitan ya kuma ce zuciyar Firmin ba za ta kai bazara ba, wanda ya sa hanin ya zama abin dariya ga su biyun.

"Auta, ka makara," in ji Firmin. "Dankalin ya huce ko?"

"Da zafinsa, Yaya. Kai ne ka huce."

"Shekara saba'in da biyu, har yanzu ba kunya." Ya zura hannu cikin takardar. Ya rame sosai, agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu. "Na ji za ka sayar da gawar nan taka."

"Littafi ne."

"Abin da aka sa a akwati aka rufe, ana zuwa kallonsa da safar hannu ana magana ƙasa-ƙasa, a garinmu gawa ake ce masa."

Sun yi wannan musun tun kafin gashinsu ya zube.

Firmin ya lashe yatsa, ya jawo aljihun teburin gefen gado, ya fito da wani ɗan kamfas na gwangwani, duk tsatsa. Allurarsa tana nuna ƙofar banɗaki.

"Ka tuna? Mako shida muna gadin akwatin wasiƙa. Da ya iso, ko sau ɗaya bai nuna arewa ba."

"Kai ka yanke tikitin. Ban gama karantawa ba ka yanke."

"Ka yi kuka har Mama ta mare ni. Na sani." Ya juya kamfas ɗin a tafin hannu. "Kwanan nan in na kwanta, Anselme ɗin nan nake gani. Ya dawo gida bayan duk wahalar, ya kama ƙofa, ya tura. Sai ramin da na yanke. Ta ramin nake hango shimfiɗar teburin Mama. Me ya tarar a ciki, Auta?"

"Ban sani ba."

"Littafin na gidanka shekara ashirin."

"A liƙe yake, Yaya."

"To," in ji Firmin. Ya mayar da kamfas ɗin cikin aljihun tebur ya rufe. Bai roƙa ba. Da ya roƙa, da Octave ya samu abin musu.

Washegari Octave ya yi abin da masu hankali ke yi, wato ya nemi hanyar da ba za ta ci masa komai ba. Ya buga wa masu sauran kwafi biyun waya. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin nasa ido da ido ba, lauyansa ne ya saya. Ɗayan ya kashe waya. Sai ya lalubo mutumin da ya tantance littafin tun farko, wani dattijo a Antwerp.

"Shafi na talatin da biyu? Na tuna sarai," in ji dattijon. "Takarda fara tas, tawada ba ta yi naso ba, wayar ɗinki ba tsatsa."

"Me aka zana a wurin?"

"Yallaɓai, ni dubawa nake yi. Ba na karantawa."

Ran Asabar ake baje kayan gwanjo don masu saye su gani. Ɗakin ya cika da maza masu furfura, kowa ya goya hannu a baya, sun sunkuya a kan littattafan yara da fuskar masu ta'aziyya. Octave ya san su duka. Ya tarar da Madam Lenaerts a tsaye kusa da littafinsa.

"Mutum uku za su yi tayi ta waya," ta raɗa masa. "Ɗaya daga Geneva. Gidan bakin tekun nan, fara zaɓen labule."

"Zan janye shi, Madam."

Ta cire tabarau. "An yi maka tayi a bayan fage?"

"A'a. Karantawa za a yi."

Ta dube shi kamar ya ce zai soya littafin da albasa. Ta tuna masa tarar janyewa, ya ce ya sani. Ta ce in an fasa akwatin sai an sake tantancewa, kuma takarda mai shekaru irin waɗannan ba ta buɗuwa ta koma yadda take. Ya ce shi ya koya mata wannan, lokacin tana sabuwar shiga. Sai ta ɗauko mabuɗin gilashin da aka kulle littafin a ciki.

"In ka gani, ka gaya mini," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Babana ma ya yanke nasa."

Da la'asar ya isa ɗakin Firmin da akwatin, da sukundireba, da ƙunshin dankali, da safar hannu fara ƙal guda biyu. Robar ta yi gardama, sannan ta fashe da ƙara kamar an taka ƙwai. Octave ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar takarda da tawada, ƙamshin kantin jaridar bakin layinsu.

Ya miƙa wa wansa safar hannu. Firmin ya kalle ta, ya share hanci da ita, ya ajiye.

"Zo nan. Daga farko za mu fara. Ni zan karanta, kai ba ka iya muryar Anselme ba."

Octave ya zauna a bakin gado. Firmin ya riƙe gilashin ƙara girman rubutu a hannu ɗaya, ya wage littafin da ɗayan har gadon bayan ya yi ƙara. Tara da ɗigo biyu, in ji zuciyar Octave. Babban yatsan Firmin ya bar tabon man dankali a shafi na biyar. Takwas. Wajen shafi na goma sha biyu, inda wani kifi ya haɗiye tukunyar shayi, Octave ya daina lissafi, don dariya ta shaƙe shi. Firmin yakan tsaya ya huta, numfashi na yi masa wuya, ƙanen ya jira. Suka kai awa guda.

Shafi na talatin da biyu. Anselme ya kama ƙofa, ya tura.

A hoton ƙarshe wata tsohuwa ce tsaye da tsintsiya, ta juya baya, ko waiwayowa ba ta yi ba. A saman kanta an rubuta: "Goge ƙafarka kafin ka shigo."

Suka daɗe suna kallo.

"Shi ke nan?" in ji Octave. "Shekara sittin da biyar?"

"Mama ce sak," in ji Firmin. Dariya ta kama shi, ta koma tari, hawaye na bin kuncinsa. Ɗigo ɗaya ya faɗa a kan tsintsiyar tsohuwar. Octave ya ga takardar tana shanye shi, bai motsa ba.

Firmin ya juya bangon. Ga tikitin nan cif, da layin ɗige-ɗige kewaye da shi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Akwai almakashi a aljihun teburin nan. Wataƙila wannan karon su aiko mai aiki."

Octave ya zare littafin daga hannunsa, a hankali, ya mayar da shi shafin farko, ya ɗora masa a gwiwa.

"Sake karantawa," ya ce. "Ka yi sauri a wurin kifin."