Biskit ɗin Gwaggo

Man shanu ya narke a tukunya, ƙamshinsa ya cika kicin har ya leƙa tsakar gida. Gwaggo ta zuba shi a kan fulawa, ta fasa ƙwai, ta naɗe hannun riga ta soma murzawa. Hannun ya rame, amma bai manta aikinsa ba. Hutun ƙarshen shekara ya matso, kuma tun tana budurwa ita ce mai yi wa dangi biskit da alewar madara. Kowane gida da gwangwaninsa. Idan hutu ya kusa sai su aiko mata da shi a wanke, ta cika ta mayar.

Bara ce kaɗai ba ta yi ba, don tarin fuka ya kwantar da ita. Ta sha magani wata da watanni har likita ya duba hoton ƙirjinta ya ce ta warke sarai, ba abin da wani zai ɗauka a jikinta. Sai dai bana ko gwangwani ɗaya bai zo ba.

"Mantawa suka yi," ta ce da 'yarta Auta, wadda ke jera farantan gashi. "Ka tsallake shekara ɗaya, mutane sun ɗauka ka mutu."

Auta ta yi 'yar dariya, ba ta ɗago kai ba.

Gwaggo ba yarinya ba ce. Ta ga yadda maƙwabta ke gaishe ta daga bakin ƙofa, ta ga yadda ƙanenta Direba, wanda ta goya a bayanta, ya koma gaisuwa ta waya. Abin yana cinta. Amma ta sa a ranta cewa ranar da suka sake cin abin hannunta, ranar ce za ta koma mutum a cikinsu. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wanda ya warke.

* * *

Washegari da hantsi ta fito ta tarar da Auta a falo, ta baza fararen kwalaye a kan tabarma, tana jera biskit a ciki tana ɗaure su da zare. A shagon buga katuna Auta ke aiki, saboda haka Gwaggo ba ta yi mamakin kwalayen ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne 'yar takarda mai sheƙi da aka manna a kowane murfi, da hoton murhu da sunan wani kanti da ba ta taɓa ji ba.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Mama."

"Ado da sunan wani? Ni na wuni a gaban wuta, bayana kamar zai tsinke, kanti ya kwashe lada?"

Auta ta ajiye almakashi. "Babu kantin, ni na ƙirƙire shi. Na kira matar Kawu na ce ta aiko da gwangwani. Ta ce a gode miki, amma yaranta ba za su ci abin da kika taɓa ba. Sauran ma duk bakinsu ɗaya."

"Kin faɗa musu abin da likita ya ce?"

"Na faɗa, har na gaji. Cewa ta yi likita ba shi zai yi jinyar 'ya'yanta ba." Ta dubi kwalayen. "Mama, idan da sunanki aka kai, a bola zai ƙare. Ba zan iya ganin haka ba."

Gwaggo ta zauna a hannun kujera. Ta ji haushin Auta, ta kuma ji tausayinta. Ta daɗe tana kallon biskit ɗin, kowanne ya gasu daidai, ba ƙonewa. Daga ƙarshe ta miƙa hannu.

"Ba ni zaren. Ke ba ki iya ɗauri ba, kamar mai ɗaure akuya."

* * *

Ranar hutun, gidan Direba ya cika da dangi. An yi mata sannu da zuwa da murya mai daɗi, aka nuna mata kujerar da ke kusa da taga, wai don ta sha iska. Kowa an ba shi shayi a kofin tangaran, ita aka kawo mata nata a na roba. Ta karɓa ta yi godiya.

Auta ta raba kwalayen. Kafin a ce me, yara sun yage murafe, manya ma ba a bar su a baya ba. Matar Direba ta ɗaga murfi tana karanta sunan kantin.

"A ina yake? Kai, waɗannan sun iya! Kuma ka ga na kanti, hankalinka kwance."

Direba ya cika baki, garin biskit a gemunsa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya juyo wajen yayarsa.

"Yaya, wallahi kamar naki. Kar ki ji haushi, har ya ɗan fi naki laushi." Falon ya ɗauki dariya. "Kin ga Allah ya hutar da ke. Daga bana sai a riƙa saye."

Amsar ta taso wa Gwaggo har baki. Kalma uku ce kawai: ni na yi. Ta dubi ƙaramar 'yar Direba a kan cinyar uwarta, biskit a kowane hannu, kumatu duk maiƙo. Ta san abin da zai biyo baya. Za a fizge na hannun yarinyar, a zura mata yatsa a baki, a ja ta famfo tana kuka. Auta na can gefe ta zuba wa Gwaggo ido.

"A ci lafiya," in ji Gwaggo.

Matar Direba ta ɗora guda biyu a kan takarda, ta ajiye a bakin taga, ta ja da baya. "Ɗanɗana mana, Yaya, ki ji na mutane."

Ta ɗanɗana. Ya yi daɗi ƙwarai, ta kuma faɗa musu haka.

Da la'asar suka yi sallama. A bakin ƙofa Gwaggo ta tsaya neman takalminta a cikin tarin takalma, sai ta hango cikin falon. Yara na kokawa a kan kwali na ƙarshe, suna lasar yatsu. A bayansu matar Direba ta sa hannunta a cikin leda, ta ɗauki kofin robar da yatsa biyu, ta nufi kwandon shara da shi.