Takalman Alhaji Buba

Alhaji Buba mai awon gyaɗa a Kiru mutum ne mai kyauta, wannan babu musu. Amma wallahi wata kyautar tasa gara ya mare ka. Duk wanda yake shakka ya tambayi Maikano, in har zai iya jure zagin da zai biyo baya.

Maikano shi ne kyaftin ɗin Zakarun Kiru, ƙungiyar ƙwallon da Alhaji yake riƙe da ita. A soja ya koyi wasan, lokacin yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya dawo gida da shi a ƙafarsa da kuma zafin rai a ƙirjinsa. 'Yan wasan duk yaran Alhaji ne. Da kaka da rani suna ɗaukar buhuna a ma'auninsa, da damina suna yi masa noma. Abin da ya bambanta su da sauran leburori shi ne ana sallamarsu da la'asar su tafi fili, ranar wasa kuma ba wanda yake taɓa buhu, amma tuwonsa yana nan.

Filin ma na Alhajin ne, wata saurar gona ce a bayan kasuwa. Maikano da yaransa suka mai da ita fili da hannunsu. Suka tumɓuke kututture, suka baje tsofaffin kunyoyi, suka tsince ƙaya da tsakuwa har yatsunsu suka yi kanta. A duk ƙasar Kiru babu wani wuri shimfiɗaɗɗe da wani zai yarda ya bar wa ƙarti su yi ta guje-guje a kai. In filin nan ya tafi, ƙwallo ta mutu a Kiru, kowa ya san haka.

To a shekarar da nake ba ku labari gyaɗa ta yi daraja, ido kuwa ya buɗe. Tun farkon kakar wasa Alhaji ya kira Maikano zaure, ya ce masa, "Ka ga ƙasar nan da kuke tattakawa, ƙasar gyaɗa ce ta gaske. Bana in kun kawo mini kofin nan, na bar muku ita. In ba ku kawo ba, ruwan farko zan sa a huɗe ta."

"Ranka ya daɗe, za mu kawo shi," in ji Maikano.

Kofin wani Kwara ne, Balarabe mai kanti, ya sa wa ƙungiyoyin kudancin Kano. Zakaru suka shiga gasar kamar mahaukata. Suka je Badafi suka zuba musu huɗu. 'Yan garin Ƙofa suka zo da kiɗa da kirari, suka koma da gangarsu a ƙarƙashin hammata. A Bebeji aka yi kunnen doki, shi ma don alƙalin wasa surukin golansu ne, kuma Maikano ya faɗa masa haka a fuskarsa. Tudun Wada ta ba su wahala ƙwarai, amma Ɗanliti, ɗan siririn da yake buga musu gefen dama, ya zura guda ana dab da tashi.

Saura ƙungiya ɗaya a gabansu, 'yan kuzar Riruwai, daga can wajen Doguwa. Waɗannan ba mutane ba ne, duwatsu ne. Suna wuni suna fasa dutse a ramin kuza, kamfani yana ciyar da su nama, kuma kowannensu da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a ƙasa. Zakaru kuwa ƙafa Allah suke wasa, ba takalmi. Bara 'yan kuzar sun tattake su son ransu, har farcen babban yatsan Ɗanliti ya fita. Shi ya sa Maikano da bakinsa, da bakinsa fa, ya roƙi Alhaji ya sayo musu takalma. Daga baya ya sha cewa da ma harshensa ya karye ranar.

Alhaji ya tafi Kano ya dawo da su a cikin buhu. Baƙaƙe wul, sai sheƙi suke yi, fatar da tauri kamar busasshen ƙirgi. Ya jera su a tabarma a zaure, ya aika aka kira maƙwabta da 'yan kasuwa, kowa ya zo ya ɗaga ya jinjina ya sa albarka. Da aka gama kallo, sai ya kwashe su ya zuba a adaka ya datse da kwaɗo.

Maikano ya yi sororo. "Alhaji, ai da an ba mu su mu fara sabawa."

"Sabawa da me?"

"Sabon takalmi cizo yake yi, ranka ya daɗe. A soja ma sai mun shafa masa mai, mun yi ta yawo da shi kafin ya bi ƙafa. Yaran nan kuwa ko takalmin fade wasunsu ba su taɓa sawa ba."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Kai Maikano! A ina ka taɓa ganin an sa kayan sallah kafin sallah? In ba ku yanzu ku tsufar mini da su, ranar wasa Hakimi ya zo ya ga tsumma a ƙafarku? Ranar za ku sa su, sababbi fil, baƙi su san Kiru akwai mutane."

Maikano ya koma washegari, ya sake komawa bayan sallar Juma'a. Ya roƙa a tsugune, ya roƙa a tsaye. Ya ce ko sau biyu kawai a ba su, su da kansu za su goge su mayar. Alhaji ya ce ya ji, amma a'a. A zuwa na ƙarshe ma cewa ya yi, "Kai, ka fara isata. Da kuɗinka aka sayo?"

Ranar Maikano ya shiga gida yana huci, ya yi ƙwallo da butar alwala ta bugi danga. Matarsa Tani tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, lafiya? Me butar ta yi maka?"

"Mutumin nan zai kashe mu, Tani! Kayan sallah! Ƙwallo ce sallah? Shi bai taɓa gudu ba tun da aka haife shi, ko kare ne ya biyo shi sai dai ya aiki wani ya gudar masa!"

"To ka rage murya," in ji Tani. "Dawar da nake tankaɗewa daga rumbunsa ta fito."

Wannan maganar ta fi ta Alhaji ƙona masa rai, don gaskiya ce.

Ranar wasa ta zo cikin zafin bazara, ƙasa kamar an ɗora ta a murhu. Kiru ta cika ta batse. 'Yan kuza suka iso a bayan babbar mota suna waƙa. An kafa rumfa a gefen fili, Hakimi yana zaune a tsakiya, Alhaji Buba a kusa da shi cikin babbar riga mai aiki, baki har kunne. Sai a lokacin aka buɗe adaka. Kuma sai a lokacin aka gane Alhaji bai sayo safa ba, don shi bai san ana sa wani abu a ciki ba.

Yaran suka cusa ƙafafu haka nan. Na wani ya matse, na wani yana lilo. Suna gama fama da igiya sai aka ce su zo su gai da Hakimi. Wa zai tsuguna gaban Hakimi da takalmi? Suka sake kwancewa, suka tuɓe, suka faɗi suka yi gaisuwa, suka dawo suka sake cusawa. Kafin a busa usur rabin yaran sun riga sun fara ɗingishi.

Abin da ya biyo baya, kai, ba daɗin faɗi. Ɗanliti, wanda iska ma ba ta kamo shi, ya koma gudu kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. In an ba shi ƙwallo ba ya jin ta a ƙafa, sai ta wuce ya bi ta da kallo. Masu tsaron baya suna juyawa ƙusoshi suna kafewa a ƙasa suna kifawa. 'Yan kuza suka zura ɗaya. Suka zura ta biyu suna dariya. Alhaji kuwa a rumfa yana nuna wa Hakimi da yatsa, yana cewa daga Kano ya sayo su, irin na Turawa ne sak.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, yaran suka zube a gindin ɗorawa. Ɗanliti ya zare ƙafa ɗaya ya nuna wa Maikano. Dunduniyar ta yi bororo ta fashe, jini ya cika cikin takalmin.

"Yaya Maikano, wallahi ba zan iya ba," in ji Ɗanliti. "Ka yafe ni."

Maikano ya dubi sauran, duk haka suke. Ya ɗingisa zuwa rumfa, ya tsuguna ta bayan Alhaji, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu cire. Ƙafafun yaran sun lalace."

Alhaji ko juyowa bai yi ba. "Kul! Kada in sake ji. A gaban Hakimi? Koma ka yi abin da aka kawo ka."

Maikano ya miƙe. Ya dubi filin, ya dubi sandunan gola da shi da kansa ya saro daga daji ya kafa. Wani abu ya taso masa tun daga ciki har ya rufe masa ido. Da a ce ya koma gindin ɗorawa ya tuɓe a hankali ya jera takalman a gefe, wataƙila da labarin ya zo da sauƙi. Ina! Maikano ne fa. A nan tsakiyar fili ya zauna, ya fizge igiya, ya zare na dama ya yi wurgi da shi, ya zare na hagu ya bi shi da shi. Ɗaya ya faɗi dab da bakin rumfa, ya yi tsalle ya kife.

"Ku cire!" ya daka wa yaransa tsawa. "Ku cire shegun nan!"

Takalma suka yi ta tashi sama kamar an kori kaji. Jama'a ta kwashe da dariya, wani daga baya ya ɗaga murya, "Kayan Alhaji sun sha ƙasa!" Aka sake shewa. Hakimi ma sai da ya sa hannun riga ya rufe baki.

Aka dawo wasa, sai ga Zakarun da aka sani. Ƙafa tana jini amma tana jin ƙwallo. Ɗanliti ya yanke mutum biyu ya aiko ta, Maikano ya sa mata kai ta shige. 'Yan kuza suka koma tattaka, suna hawa yatsun mutane da gangan. Wani ƙato ya dira wa Maikano a ƙafar hagu har ya ji ƙas, amma bai tsaya ba, zagi kawai ya ɗura masa ya wuce. Zakaru suka farke ta biyu. Ana dab da tashi Ɗanliti ya tsere shi kaɗai, ya dunguri ƙwallo da babban yatsa ta bi ta tsakanin ƙafafun gola. Uku da biyu! Kiru ta kaɗa, mata suna guɗa daga bayan danga, aka ɗaga Maikano sama.

Da aka sauke shi gaban rumfa ya karɓi kofi, wurin zaman Alhaji babu kowa. Ya tafi tun kafin ƙwallo ta biyu.

Da safe Maikano ya ɗauki kofin, yatsansa a ɗaure da tsumma, ya ɗingisa zuwa zauren Alhaji. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ajiye shi a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ga shi mun kawo."

Alhaji yana jan carbi, bai dubi kofin ba. "Na gani."

"To maganar fili, ranka ya daɗe."

"Wane fili?"

"Alhaji, kai ka yi alkawari. Ka ce in mun kawo kofi ka bar mana."

Sai a nan Alhaji ya ɗago, idonsa jawur. "Yarana na yi wa alkawari. Yarona ba ya ɗaukar kyautata ya jefar a gaban Hakimi, gari ya yi mini dariya. Jiya a masallaci har raɗa ake yi. Kai ka san abin da ka yi mini?"

"Da ba mu cire ba da an cinye mu!"

"Da an cinye ku da girmana."

Maikano ya dubi kofin. Ya so ya ɗauke shi ya rotsa shi a bango. Ya so ya faɗi maganar da za ta raba su har abada. Ya tuna da Tani da 'ya'yansa, ya haɗiye ta. Ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Saƙo ya zo daga gidan Alhaji cewa gobe za a yi huɗa a saurar bayan kasuwa, kowa ya fito da garmarsa. Wa zai yi huɗar? Su wa ke yi wa Alhaji noma in ba su ba?

Suka taru a bakin filin su goma sha ɗaya, kowa da garma a kafaɗa, babu mai duban ɗan'uwansa. An riga an tuge sandunan gola an jingine su a jikin ɗorawa. Ɗanliti yana share hawaye da bayan hannu.

"Ka daina yi mana kuka a nan," in ji Maikano. "Ka kama aiki."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga garma ya sara. Ta yi tsalle ta dawo, don ƙasar ta daskare saboda shekarun da suka yi suna tattaka ta. Ya sake sarawa da duk haushin da ke cikinsa, ta shige, ƙasa ta juyo ja jawur. Sauran suka jeru a bayansa.

Da hantsi Alhaji Buba ya zo duba aiki, ya tsaya a bakin gona da hannuwa a baya. Ya dubi kunyoyin da suka miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa kai.

"Sannunku da aiki."

Maikano ya dafe garma, haƙoransa a datse. Ya rantse a ransa ba zai amsa ba. Yaran suka rusuna gaba ɗaya, sai ya ji bakinsa yana faɗa tare da su, "Yauwa, ranka ya daɗe."