Inda Rigar Yasna Ta Tsaya

Ina riƙe da dunƙulen zaren ulu da hannu biyu, maƙwabciyarmu Doña Eduvina tana gwada wa 'yata Yasna rigar sanyin da take saƙa mata, sai na ga abin ya tsaya daidai cibiya. Na ce ai da saura. Yasna ta ce ai ta kai. Tsohuwar, da tsinken saƙa a bakinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau.

"Maƙwabci," ta ce bayan ta zare tsinken, "kai za ka sa ko ita?"

Na ce ita za ta sa, amma ƙodar da ke ciki ni na yi jinyarta.

Ba sharri na yi ba. Yasna tana ƙarama ta kwanta asibiti a Castro, babban garin tsibirinmu, da ciwon ƙoda, na kwana a kan kujerar roba har bayana ya ƙage. Likita ya ce ƙwayar cuta ce. Ni dai na san ranar da ta zauna a kan jiƙaƙƙen dutse a bakin teku, riga a ɗage, kuma likitan ba ya wurin. Duk wanda ya tashi a tsibirin Chiloé ya san ta ƙugu sanyi yake shiga mutum. Yanzu ga shi ta sami aiki a wani shagon tufafi a birnin Puerto Montt, can ƙetaren ruwa, za ta fara farkon watan Mayu, lokacin da a ƙasarmu sanyi ke shigowa, ruwan kaka yake zuba a kwance. Can ba ni, ba uwarta, ba mai ce mata ta rufe bayanta. Abin da zan iya turawa tare da ita shi ne riga, shi ya sa na sayi ulu mai kauri, launin toka, na kai gidan da ke jikin namu.

Doña Eduvina ta daɗe da rasa mijinta. Babu gida a layinmu da ba a sa saƙarta, daga hular jarirai har safar masunta. Sauran matan garin daga ƙasan riga suke farawa su hau, ita kuwa daga wuya take farawa ta gangaro. Takan ce wuyan mutum ba ya canza ra'ayi, amma tsawon riga kullum sai an yi gardama, gara a bar shi ƙarshe.

A wannan shekarar zuciyarta ta fara gajiya. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Ɗanta ya yi ta bugo waya daga Punta Arenas yana cewa ta koma wurinsa, ta ce ba za ta je garin da iska ke kwashe wa mutum hula ba. Ni da matata Otilia muka dawo da gadonta kicin, kusa da murhun ƙarfe, a jikin taga. Ita ta zaɓi wurin. Mun ɗauka don ɗumi ne, ashe don ta riƙa ganin yadda mutane suke sa aikinta ne.

Malamar makaranta ta wuce da mayafin ulu a kafaɗa ta ɗaure shi da bel a kan doguwar riga, tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce wannan ta san abin da take yi. Ni kuma, da nake sa rigar sanyi biyu a haɗe, ta ce na yi kama da buhun dankalin da aka cika aka rasa igiya. Amma babban abokin gabarta Don Heriberto ne mai burodi. Shi yakan cusa rigar sanyinsa cikin wando, ya ja wandon har kusa da hammata, ƙugunsa ya yi tudu zagaye. Duk safiya in ya wuce sai ta ƙwanƙwasa gilashi da tsinke, ta yi masa nuni ya fitar da ita. Shi kuma ya ɗaga hula ya gaishe ta, ya yi gaba abinsa.

Da safe nakan kai mata itace kafin in tafi wurin gyaran injin kwale-kwale. In na jera itacen sai in ɗan tsaya, in tambayi jiki, in yaba saƙar, sannan in ce ko za a ƙara tsawo kaɗan, ko da faɗin tafin hannu. Takan ce to. Da rana in na dawo cin abinci in leƙa, in ga rigar ta sauko har kwatangwalo, in tafi da farin ciki. Washegari in shigo da itace, in tarar ta koma cibiya.

Da abin ya ishe ni sai na gaya wa Otilia cewa ina jin ciwon ya fara taɓa kan tsohuwar nan, tana saƙa tana mantawa tana warwarewa. Otilia tana gurza dankali. Ta ajiye abin, ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Ta tambaye ni wa yake kai wa tsohuwa miya da yamma. Na ce Yasna. Ta ce to in zauna in yi tunani, tunda ni ne mai gyaran inji.

Zaren ƙasan rigar a lokacin ya sha saƙa da warwara har ya nannaɗe kamar yana son komawa jikin tunkiya. Na shiga na sami Doña Eduvina na ce mata ban ji daɗi ba, tana fama da kanta muna wahalar da ita. Na ce zan yi wa yarinyar magana.

"Kada ka soma," ta ce. "In hannuna yana aiki ba na jin ƙirjina. Ku ci gaba da faɗanku. In kuka shirya me zan yi da yinin?"

Na ƙara itace a murhun da ba ya bukata.

Haka muka ci gaba, ni in ƙara da safe, Yasna ta rage da yamma, har aka shiga lokacin matse ruwan tuffa a gidajen bayan gari. Daga nan sai na lura ƙarin da ake yi mini yana raguwa. Wata rana faɗin yatsu uku, wata rana ko layi ɗaya babu, tsinkayen suna kan bargo, ita kuma tana kallon titi baki a buɗe. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta ta ce a kira ɗan tsohuwar.

Ranar Lahadi bayan coci Doña Eduvina ta aika a kira mu ni da Yasna. Ta sa Yasna ta buɗe akwatin katako da ke ƙarƙashin gado, ta ciro wata tsohuwar rigar mijinta, mai kauri, mai zanen ja da baƙi, irin wadda masunta ke sawa, doguwa har cinya. Ta ce ta je ta sa da wandon nan nata mai hawa sama, ta cusa rigar sosai gaba da baya, sannan ta ɗora ta ulu a kai. Yasna ta fito, tsinkaye suna reto a ƙugunta. Tsohuwa ta kira ta kusa, ta fito mata da kwalar waje, ta naɗe hannun rigar ciki a kan na ulu, ta ce ta sa takalminta baƙi mai wuya, ba wannan farin da ke shan ruwa ba. Ta ce ranar da iska ta yi yawa ta ɗora jaket a buɗe, kada ta zuge, don a ga saƙar.

Gaskiya yarinyar ta yi kyau. Ban faɗa ba.

"Taɓa bayanta, maƙwabci."

Na taɓa. Wando, riga, da ɗumi. Na ce amma wannan ba ulu ba ne.

"Mijina Belarmino ya yi rayuwarsa a kan ruwa da ita, kuma ba ƙoda ce ta kashe shi ba, giya ce." Ta tsaya ta nemi numfashi. "In na saƙa mata yadda kake so, za ta sa ta har bakin mota don ka gani. Daga nan cikin jaka za ta zauna."

Yasna ta ce ba haka ba ne, Inna. Tsohuwa ta ce ta rufe mata baki, ita ma ta taɓa zama budurwa.

Na ce zan yi tunani. A raina kuwa na ƙudura gobe da safe zan sake roƙon ko da yatsu biyu.

Ban samu na roƙa ba. Da safen tana barci, da rana ɗanta ya iso, gidan ya cika. Washegari da la'asar Otilia ta shiga da shayi ta tarar ta cika, fuskarta wajen taga, saƙar a kan ƙirjinta.

Ranar jana'iza ana yayyafi. Ba wanda ya shirya da wani, amma kowa ya fito da saƙarta, coci ya cika da warin jiƙaƙƙen ulu. Muna bin akwatin zuwa maƙabarta sai na ji Otilia ta zungure ni. Don Heriberto ne a gabanmu. Don girmama mamaciya ya fitar da rigarsa daga wando, karo na farko da wani ya gani. Ta sauko masa har gwiwa. Yana tafiya tana harɗe shi, ga shi gajere, kamar yaron da ya sa kayan babansa. Mutane suna kuka suna kau da kai. Ɗan marigayiyar ma sai da ya toshe bakinsa da hula.

A bakin maƙabarta na matsa kusa da shi, na ce ashe haka take da tsawo. Ya ce matarsa ce ta je ta matsa wa Doña Eduvina a ƙara, a ƙara, saboda ƙodarsa. Ya ce ba ya iya murza fulawa da ita a sake, ba ya iya hawa keke, shi ya sa yake tattare ta ya cusa. Kuma da ya shiga gidan burodi yake cire ta ya rataye, ya yi aikinsa da singileti, ƙofa a buɗe.

"Kada ka gaya wa matata," ya ce.

Bayan kwana biyu ɗan ya kawo mana rigar a cikin leda, da tsinkayenta da sauran zaren. Zaren da ya rage zai kai ta har cinya in ana so. Otilia ta iya rufe bakin saƙa, don haka ta zauna kusa da murhu ta ɗora ta a cinya, ta tambaya a ina za a tsaya. Yasna, idonta a kumbure, ta ce duk yadda Baba ya ce, ita ta gaji. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Abin da nake nema tun farkon kaka ke nan, an miƙo mini ba gardama. Na ɗauki rigar na duba. Layin ƙarshe an kai rabi aka tsaya. Na juya ta, na auna da tafin hannuna, na sake juyawa. Otilia ta ce in zan yi addu'a ne in gaya mata ta ɗora tukunya.

"Rufe ta a inda marigayiyar ta bar ta," na ce.

Ta dube ni, ta ce in maimaita, ba ta ji ba. Ban maimaita ba.

Ranar tafiya muka raka ta tashar mota a Castro. Na riga na cusa mata singiletin ulu biyu da robar ruwan zafi ta ɗuma jiki a ƙasan jaka, ban gaya wa kowa ba. Ta sa kayan kamar yadda aka nuna mata, kwala a waje, hannu a naɗe, jaket a buɗe. Na fara yi mata bayanin kujerun tasha masu sanyi, Otilia ta taka mini ƙafa. Yasna ta rungume mu ta hau.

Na zagaya gefen motar ina leƙe ta taga. Ba ta gan ni ba. Ta ɗaga jakarta da hannu biyu za ta sa a sama, rigar ulun ta ɗage har haƙarƙari. Rigar cikin nan mai ja da baƙi tana nan a cuse. Da ta sauke hannu sai ta kai shi baya, ta bi bakin wandon da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta ƙara tura rigar ciki, sannan ta zauna.