Ɗan Baffan Ebola

Layin Ebola da take jira a fuskar na'urar ya kwanta shame-shame. Na ƙarƙashinsa ne ya miƙe tsaye.

Mai gwajin jinin ta sake gwadawa, sakamako bai canza ba. Ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bango: ƙwayar cuta siririya, ta lanƙwashe kamar zaren da ya suɓuce daga allura. Ebola da Marburg duk haka suke a ido. Zuri'a ɗaya, zazzaɓi ɗaya, zubar jini ɗaya. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Da mahaƙan ma'adinai suka fara faɗuwa, kowa cewa ya yi Ebola ce, har da ita. Ba wanda ya tuna jemagun da suka cika ramin haƙar, masu ɗauke da Marburg. Da hannunta ta yi wa ƙaninta, direban motar asibiti, allurar rigakafin Ebola. "Jeka, Auta, ka riga ka sa sulke," in ji ta. Shi kuwa ya riƙe maganar. In gumi ya dame shi sai ya zare safar hannu, ya ciccibi marar lafiya a kafaɗa.

A bayan asibiti ta same shi, rana tsaka, yana wanke motar. Jan ruwa na bi ta tsakanin yatsunsa.

"Yaya Bokanya! Yau kin fito shan iska?"

"Ajiye tsumman nan."

"In ajiye? Ni da aka dafa?" Ya bugi damtsensa yana dariya.

"Ba Ebola ba ce, Auta. Marburg ce."

"Wace ce kuma?"

"Ɗan baffanta. Gidansu daban. Allurar da na yi maka ba ta san fuskarsa ba."

"To, yi min ta ɗan baffan mana."

"Ba mu da ita."

Ruwa ya ci gaba da kwarara daga tiyo. Sai yanzu ta lura idanunsa sun kaɗa, leɓensa ya bushe.

"Tun yaushe kanka ke ciwo?"

"Wa ya ce..." Ya haɗiye sauran. "Tun safe. Kada ki gaya wa Inna."

Ta miƙa hannu za ta taɓa goshinsa, kamar yadda ta saba tun yana goye a bayanta. Ya ja da baya da sauri.

Ya laluba aljihu, ya zaro safar hannun a dunƙule, ya shiga sakawa a hankali, yatsa bayan yatsa.