Fentin da Ba Ya Bushewa

Auta ta rantse a ranta, duk wanda ke yi mata wannan ɗanyen aiki, ranar da ta kama shi sai ya gane kurensa.

Sana'arta talla ce, amma ba irin ta bakin titi ba. Ita ce ke tsara 'yan hotunan nan da ke leƙo mutum a gefen shafin intanet yana tsaka da karanta labarai ko duba sakamakon ƙwallo. Takan kama hayar gurbi a shafukan mutane, ta liƙa tallan wani ɗan kasuwa. Yarjejeniyar kuwa a fili take: kallon talla kyauta ne, amma duk wanda ya danna shi, sai an cire wani abu daga aljihun mai kaya. In masu dannawa suna saye, kowa ya ci riba. In suna dannawa su wuce, mai kaya ake yi wa yankan ƙauna.

Bara ta ajiye aikin albashi, ta kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon gyaran waya. Tebur ne da kujeru biyu, da fanka mai surutu, da tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Ƙananan ayyuka ta yi ta tsinta har Allah ya haɗa ta da Mai Katifa, mutum mai kamfani da motocin kai kaya da gajen haƙuri. Ya ce zai gwada ta wata guda. In ya ga ciniki, kwangilar shekara tata ce, in bai gani ba kowa ya kama gabansa. Ita kuwa ta sani sarai, in wannan ta kuɓuce mata, sai dai ta mayar wa mai gida makullinsa.

Tallan ya yi kyau, wannan ko maƙiyinta ya shaida: shuɗin bango, farin rubutu, da wani bawan Allah da ya baje a kan katifa kamar ba shi da matsala a duniya. Dannawa ta yi ta zuwa kamar ruwan sama. Ciniki ne dai ya ce ba da shi ba.

Mai Katifa ya kira ta. "Malama, katifa na ce ki sayar min, ba 'yan kallo na ce ki tara min ba."

"Ranka ya daɗe, a ƙara min haƙuri, ina kan bincike."

"Binciki da sauri. Haƙurina ba shi da kauri irin na katifata."

Ta zauna gaban kwamfuta ta tsefe bayanan tsaf. Ba a nuna mata sunan kowa, amma ana nuna sawu. Sai ga shi wasu wayoyi ne 'yan ƙalilan, daga gefe ɗaya na gari, kullum da safe. Su danna tallan a shafin labarai, su fita ko farashi ba su duba ba, su same shi a shafin wasanni su sake dannawa, su bi shi har shafin hasashen yanayi. Waya ɗaya a cikinsu ita ce uwar tafiya, ba ta fashi ko ranar hutu.

"'Yan baƙin ciki," in ji Auta. Ta gama yanke hukunci: wani mai sayar da katifa ne ya ɗauki hayar marasa aikin yi su ƙarar da kuɗin abokin gasarsa. Ta toshe wayoyin ɗaya bayan ɗaya yadda tallan ba zai ƙara fito musu ba. Da ta zo kan uwar tafiyar har da tsaki ta yi mata rakiya.

Nan take abubuwa suka daidaita. Asara ta tsaya, masu saye na gaske suka fara fitowa, Mai Katifa har ya koyi gaisuwa kafin ya shiga magana.

Ana cikin haka, wata safiya ta ji takun wani a matakala, a hankali, ana hutawa a kowace hawa. Ta san takun nan tun kafin ta san karatu. Mahaifinta ne, sanye da kayansa na zuwa muhimmin wuri, yana haki, gwiwar nan tasa mai ciwo tana rawa.

"Baba! Me ya hawo da kai wannan benen? Ai da ka kira ni na sauko."

Ya zauna, ya ƙi shan ruwan da ta miƙa masa. Ya dube ta da irin kallon da yake mata in ta ɓoye rashin lafiya.

"Auta, ki gaya min gaskiya. Kun ɓata da mai katifar nan?"

"Wa ya ce mun ɓata?"

"An sauke allonki."

Baba tsohon mai zanen allon shaguna ne. Rabin shagunan unguwarsu da rubutun hannunsa suka buɗe ƙofa, kafin injin buga allon talla a kan leda ya zo ya yi masa ritaya, shi da buroshinsa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: in ya kafa allo, ba ya cewa aiki ya ƙare. Kowace safiya sai ya bi ta wurin, ya tsaya tsallaken titi ya kalla, sannan ya matso ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya ji ko ƙusa tana nan daram. Auta tana ƙarama ita ke riƙe masa gwangwanin fenti, hannunta kullum yana ƙaiƙayin shafa jan harafi. Shi kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Hannu baya, bai bushe ba."

"A sana'armu," ya ci gaba, "ba a sauke allo sai an ɓata da mai zane. Kullum ina duba miki shi, ina ƙwanƙwasawa, yana buɗewa lafiya lau. Na sa wanzami da tsohon direba da sauran 'yan bencinmu su ma suna tayawa, don mai kaya ya ga allonki yana da jama'a. Kwatsam sai muka neme shi muka rasa, mu duka. Na kasa barci. Ki tashi ki raka ni wurinsa in ba shi haƙuri. Ko ba komai zai ji kunyar furfurata."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wayar da ke hannunsa ita ta saya masa. Ita da bakinta ta nuna masa tallan ranar da ya fara fita, ta ce, "Baba, ga allona." Ashe uwar tafiyar da ta yi wa tsaki ke nan zaune a kujerarta, da ciwon gwiwa, ya zo roƙon arziki a madadinta. Tausayinsa da sonsa suka taso mata lokaci ɗaya.

Da farko ta so ta yi masa ƙarya, ta ce matsalar na'ura ce. Amma ta san Baba. In ta sake buɗe masa tallan ba bayani, gobe zai ƙaro liman da mai shayi cikin rundunar, kwangila kuma ta tafi ke nan. Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta juyo masa da kwamfutar, ta yi masa bayani dalla-dalla, murya ƙasa-ƙasa.

Da ta gama, ya dubi wayar da ke hannunsa.

"Wato duk ƙwanƙwasar da na yi, mutumin nan ake caja?"

"Eh, Baba."

"Har da ta wanzami? Shi fa da yatsa biyu yake yi."

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. Shi bai yi dariyar ba. Ya kifa wayar a cinyarsa, ya ce, "Ashe ni ne na kusa rufe miki ofis. To ki bar shi a toshe. Tsoho ya zauna a inda aka ajiye shi." Ya dafa tebur zai tashi.

Wannan maganar ta fi ta Mai Katifa yi mata ciwo. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Zauna, Baba. Allon da ba ka duba ba, ni ban yarda ya kafu ba."

Ta cire wayarsa daga cikin waɗanda ta toshe, ta ce ya buɗe shafin labaran da ya saba. Suka jira. Can sai ga shuɗin bango, ga bawan Allah a baje a kan katifarsa. Fuskar Baba ta washe, yatsansa ya ɗaga da kansa ya nufi gilashin.

"Baba," in ji Auta. "Hannu baya. Bai bushe ba."

Yatsan ya tsaya a iska. Ya juyo ya kalle ta, sai ya fashe da dariyar da ta sa mai gyaran waya leƙowa daga ƙasa.

"Yaushe zai bushe?"

"Irin namu ba ya bushewa."

Ƙarshen wata Mai Katifa ya sa hannu a kwangilar shekara. Auta ta tafi kai wa Baba albishir da kanta. Tun daga bakin layi ta hango su a benci ƙarƙashin rumfa: wayar jingine da kofin shayi, tsofaffi sun kewaye ta, Baba a tsaye ya ja da baya kaɗan, hannayensa biyu a goye a bayansa, yana ƙare wa tallan kallo. Wanzami ya miƙo yatsa a sace. Baba ya kai masa duka a bayan hannu.

"Kul! Aikin 'yata ne. Da ido ake dubawa."